Sunan Kisra da Ma'aunin Hujja: Sharhi a kan Hanyar Palmer

H. R. Palmer, wanda yake aikin mulki a Katsina sa'ad da aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, ya tara labaran gargajiya masu yawa a cikin Sudanese Memoirs na 1928. Wannan hidima ce da ba a musunta. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen fassara, gama in suna ya yi kama da suna, sai ya ƙulla musu zumunta. Ta haka shi da Leo Frobenius suka danganta Kisra na labarin Bargu da Kisra na Biyu, Sarkin Farisa, wanda rundunarsa ta ci Masar wajen 619.

Masana harsunan Farisa na dā ba haka suke aiki ba. János Harmatta, mutumin Hangari, ya yi nazarin Sarmatiyawa, makiyaya mahaya dawaki waɗanda ba su bar littafi ba. A cikin littafinsa na 1970 ya bi sunayensu da aka sassaƙa da baƙin Girka a duwatsun biranen bakin Baƙin Teku. Kowane suna yana da wurinsa da zamaninsa, kuma ba a yarda da sauyin sauti sai ya maimaitu cikin sunaye da dama. Kisran Bargu kuwa ba dutse, ba shekara, sai kama ta kunne kurum. Bugu da ƙari, duk malamin da ya karanta tarihin Annabi ya san Kisra, watau sarkin da aka aike wa takarda. Ashe sunan yana iya isowa cikin gafakar malami, ba lalle sai a kan dokin mayaƙi ba.

Lahanin wannan hanya shi ne tana kawar da ido daga abin da ke kusa. Malamin da ke koyarwa a Funtuwa ko Malumfashi yana da tsohuwar Maska da Gozaki a ƙofar gida, da ganuwoyinsu, da sarautunsu, da sunayen unguwanni da gonaki a bakin dattawa. Yusufu Bala Usman ya nuna a littafinsa na 1981 a kan Katsina irin tarihin da ke fitowa in an tono nan.

Saboda haka darasin Farisa ga ɗalibin Hausa ba asali ba ne, ma'auni ne: a tambayi kowane suna inda aka ji shi, da bakin wa, da yaushe, kafin a ba shi kaka.