Karin Sauti Ba Shaidar Dangantaka Ba Ne: Sinanci da Dogri

Ɗalibai kan ɗauka cewa duk harsunan da ke da karin sauti 'yan gida ɗaya ne. Kwatanta Sinanci da Dogri ya isa ya rushe wannan zato.

Sinancin Mandarin na da karin sauti huɗu. Gaɓar "ma" na iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Dogri kuwa, harshen yankin Jammu a Indiya, wanda aka shigar cikin jerin harsunan kundin tsarin mulkin ƙasar a 2003, na da uku. Hindi na kiran doki "ghora". A Dogri, baƙin "gh" ya koma "k", sai karin sauti ya ɗauki nauyin bambanta doki da "kora", wato bulala.

Masana sun nuna cewa karin Sinanci ma daga ɓacewar wasu baƙaƙe ya samo asali. Hanyar iri ɗaya ce, amma kowane harshe ya bi ta shi kaɗai. Sinanci ɗan dangin Sino-Tibet ne, Dogri kuma ɗan Indo-Turai. Dogri na bambanta jinsin namiji da tamata, yana kuma ajiye aikatau a ƙarshen jimla. Sinanci bai san jinsin nahawu ba.

Hausa ma tana da karin sama da na ƙasa da faɗau, ga ta kuwa 'yar dangin Cadi. Saboda haka, mai neman dangantakar harsuna ya binciki tushen kalmomi da daidaiton sauye-sauyen sauti, kada kamannin murya su ruɗe shi.