Daga Tsirkiya Ɗaya Zuwa Huɗu: Kiɗan Goge a Hannun Yara

Goge ba shi da makaranta mai allo da benci. A Kano da Katsina da Maraɗi, bin ubangida ake yi a koye shi. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya zuwa wurin biki, sai a sa shi cikin 'yan amshi, daga nan ya zauna gaban ƙwarya ya riƙa bugu har hannunsa ya faɗa. Sai kunnensa ya cika da take iri-iri kafin a bar shi ya ɗora izga a kan tsirkiya. Wannan tsari ya haifar da gwanaye irin su Garba Liyo, da masu kukuma irin su Garba Supa da Ibrahim Nahabu da Hassan Wayam. Amma yana da sharaɗi: dole a sami maigoge a kusa, kuma sana'ar tana ciyar da shi da yaransa. Inda Hausawa suka yi nisa da gida, wannan sharaɗi ne yake fara gagara.

Unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala na Kamaru tana cikin irin waɗannan wurare. Jamusawa ne suka shata New Bell gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙudura tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga filayensu na bakin kogin Wuri. Sarkin da ya ja da su a kan haka, Rudolf Duala Manga Bell, sun rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Masu ƙasar da yawa suka ƙi tarewa a sabon wurin, baƙi suka cika shi: Bamileke, Basa, Ewondo, da Hausawa fatake da mahauta. Jikokin waɗannan baƙi su ne yau suke ciniki a babbar kasuwa da kasuwar Kongo da ta Dakar. Yaransu suna tashi da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, kiɗan makosa a kan titi, waƙoƙin fina-finan Kano a waya. Birnin da ya haifi makaɗa irin su Francis Bebey a 1929 da Manu Dibango a 1933 bai rasa kiɗa ba. Abin da yake wahalar samu shi ne hanyar da take irin na goge zai shiga yatsun yaro.

Wasu al'ummomi sun gamu da wannan matsala, suka kuma warware ta da wata sana'a ta musamman, wato tsara kiɗan gargajiya ga ƙungiyar yara masu koyon gogen Turawa. Wani malamin kiɗa Bajamushe, Erich Doflein, ya roƙi Béla Bartók na ƙasar Hangari ya rubuta wa ɗalibai abin koyo. A 1931 Bartók ya rubuta masa gajerun kiɗe-kiɗe 44 na goge biyu, kusan dukkansu daga waƙoƙin ƙauyawa da ya tattara, har da na Larabawan Aljeriya, inda ya je garin Biskra a 1913 da na'urar ɗaukar murya. Ɗan Najeriya Fela Sowande ya tsara African Suite a 1944, ya ɗora waƙoƙin Afirka ta Yamma, ciki har da na Ephraim Amu na Gana, a kan kayan tsirkiya na Turai. A Soweto kuwa, makarantar Buskaid da Rosemary Nalden ta buɗe a 1997 tana sa yaran unguwa su kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗen Turai, su kuma kaɗa kiɗan kwela irin na titunansu a dandamali ɗaya.

Kiɗan Hausa yana da wata sa'a da ta sa ya dace da masu koyo. Mafi yawan takensa a kan matakan sauti biyar yake tafiya, ba bakwai ba. Gogen Turawa yana da tsirkiya huɗu, waɗanda duk ɗan ƙungiyar mawaƙa a Duwala ya san su da sol, re, la, mi. Idan aka ƙara si, matakan nan biyar sun cika. Ma'ana, yaron da ya kama izga makon jiya, wanda bai iya danna tsirkiya da yatsa ba tukuna, yana da huɗu daga cikin sautuka biyar ɗin a hannunsa. Zai iya zama cikin manya ya riƙe musu gindin kiɗa tun kafin ya iya karanta rubutunsa.

Rabon aiki ma ba sai an aro shi daga ko'ina ba, domin ƙungiyar maigoge ta riga ta raba. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu ƙwarya. Mai tsarawa sai ya ba ɗaliban da suka fi gogewa muryar jagora. Rukuni na biyu da masu biyola, wato gogen Turawa mai ɗan girma, su ɗauki amshi, wanda gajere ne, yana dawowa ba ya sauyawa, don haka yaro yakan hardace shi a zama ɗaya. Masu celo da babban goge mai kaurin murya su gaji ƙwarya: su fizgi tsirkiya da yatsa, ko su ƙwanƙwasa jikin katakon a hankali, a kan bugun da mai ƙwarya yake yi. In an sami ƙwaryar kanta a kife gaban wani yaro da 'yan sandunansa, ya fi. Da haka take ɗaya yake ɗaukar yara ashirin masu mataki daban-daban, kowa da abin yi, babu mai zaman jiran layinsa.

Wurin da aikin yake lalacewa shi ne inda mai tsarawa ya ɗauka cewa gogen Turawa goge ne da aka yi wa kwaskwarima. Kayan biyu sun sha bamban tun daga jiki. Goge ɓarin ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka masa sanda, aka ɗora tsirkiyar gashin wutsiyar doki a kan ɗan jaki. Tsirkiyar ba zare ɗaya ba ce, dami ce ta gashi, shi ya sa muryarta take da ɗan kaushi da dishi-dishi. Ba a danna ta har ta taɓa sanda. A sama take, yatsu suna shafarta, suna zamewa daga sauti zuwa sauti. A cikin wannan zamiya goge yake magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, maigoge kuma yana bin hawa da saukar kalmomi har mai saurare ya gane kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Idan aka rubuta take aka daddatse shi zuwa sautuka tsayayyu, aka kuma tanƙwara wata gaɓa don ta dace da jituwar muryoyi irin ta majami'a, Bahaushe zai ji kiɗa mai daɗi amma ba zai ji maganar ba.

Saboda haka tsari mai kyau yakan kiyaye abubuwa uku. Ba ya juya hawa da saukar layin jagora ko da mataki ɗaya. Yana koya wa yara zamiyar yatsa da wuri, ko da yake littattafan Turai sukan jinkirta ta. Sannan yana rage cunkoson muryoyi: sauti ɗaya da aka riƙe a ƙasa, ko amshi da aka ninka a murya mai kauri, ya fi kusa da kunnen Hausa fiye da sautuka uku-uku masu sauyawa a kowane bugu. Akwai kuma batun tsawo. Maigoge ba ya ƙidaya layi. Yana ja yana sassautawa gwargwadon yadda fili ya ɗauka. Takarda ba za ta iya kama wannan duka ba, amma za ta iya barin gurbi inda amshi zai yi ta zagayawa, ɗalibi guda ya miƙe ya faɗi nasa.

Zaɓen take yana buƙatar natsuwa. Goge ya daɗe da alaƙa da bori da wuraren shaƙatawa na dare, malamai kuma sun daɗe suna ƙyamarsa tun zamanin jihadin 1804. Jacqueline DjeDje ta bi diddigin wannan a littafinta na 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba, inda ta nuna cewa a Dagomba ta Gana kayan nan na fada ne mai daraja. Uba a New Bell da ya tura ɗansa Islamiyya da yamma yana da haƙƙin sanin abin da za a koya masa. Rumbun kuwa cike yake da abin da babu mai ja a kansa: waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, na tashe, na reno, na daɓe da niƙa, da taken manoma. Gajeru ne, amshinsu a fili yake, iyaye mata sun san su. In kuma za a taɓa waƙar sanannen mawaƙi, kamar Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, ladabi da doka duka sun ce a nemi izinin magada.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofa ga kiɗan Turai. Sanannen taken murna na Beethoven yana tafiya daki-daki tsakanin re da la, yana tilasta wa yaro ya matse yatsu biyu wuri guda don fitar da rabin mataki, abin da matakai biyar ba sa nema. Taken Hausa kuma yana ba shi kaifin bugu da sauraren abokin kiɗa. Shinichi Suzuki na Japan ya gina hanyarsa a kan cewa yaro ya fara da kunne kafin takarda, yadda yake koyon harshen uwa. Yaran maigoge haka suke yi tun asali.

Saura kayan aiki, domin gogen Turawa ko na koyo ne yana da tsada ga ɗan tireda. A Kinshasa, ƙungiyar makaɗan Kimbangu da Armand Diangienda ya kafa a 1994 ta kai ga sassaƙa wasu kayanta da hannu saboda rashi. A Akara, Nana Danso Abiam ya bi wata hanya a 1988, ya kafa Pan African Orchestra da kayan Afirka, ya jera masu goge a sahu suna kiɗa tare. Hausawan Duwala suna da damar bin kowace. Ƙoƙo da fata da izga duk kayan arewa ne, kuma hanyar da take kawo shanu da albasa daga Marwa da Garwa da Ngaundare ba za ta gaza kawo su ba.

Abin da ba ya jira shi ne masu taken. A Nijar, Malam Maman Barka na cibiyar koyar da kiɗa ta Taya da ke Yamai ya je yankin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, gwani na ƙarshe a kiɗan biram, ya karɓi kayan da takensa kafin tsohon ya rasu. Shi kansa Barka ya rasu a 2018, amma faifansa yana nan ana koyo da shi. Duk malamin da yake son tsara kiɗan Hausa ga yaran New Bell, aikinsa na farko irin wannan ne: ya nemi tsofaffin mata masu waƙar gaɗa da makaɗan da suke saukowa biki daga arewa, ya ɗauki muryarsu da yardarsu, ya rubuta sunan kowa a saman takardar da zai miƙa wa ɗalibai.