Sarki Abdurrahman: Babban Sarki Ne Ko Mai Sa'a?

Tun ina firamare a Faskari ake karanta mana Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, kuma duk mun ɗauka Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji shi ne sarki na ƙwarai. Bana da na sake bin littafi na ɗaya a natse, sai na ga abin ba haka yake ba.

Mai karatu ya tuna mafarin yaƙin. Sarkin Sinari ya aiko da neman a haɗa 'yarsa aure da Musa, Abdurrahman ya fusata, ya wulakanta jakada, aka ɗaura yaƙi. Wato zuciyar mutum ɗaya ce ta fitar da talakawa bakin dāga. Bayan wannan kuma ya tafi ya bar gari hannun Waziri maci amana, bai taɓa gane halinsa ba duk zaman da suka yi. Ba don aku ya riƙe Musa da labarai dare bayan dare ba, da sarauta ta salwanta. A ganina da gangan Imam ya ɗora hikimar a bakin tsuntsu. Abu ɗaya na yaba wa Sarki: da gaskiya ta bayyana bai ji kunyar ba aku waziranci ba. Wannan ba ƙaramin hali ba ne, amma bai isa a kira mutum gwani ba.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi yana nan ƙasarmu ta Katsina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya lissafa wa shugaba kula da manoma da maƙera da marina, da gina garuruwa masu ganuwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Bello bai tsaya kan kwarjini ko yawan dawakai ba. In aka aza Abdurrahman a kan wannan sikeli, me ya yi wa manomi? Littafin kusan bai fita fada ba.

Wani abokina ya ce na matsa wa sarkin tatsuniya. Mai yiwuwa. Amma mu da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, maƙwabtanmu, cikin Disamba 2020, in muka ji maganar ganuwa a littafin Bello ba tarihi kawai muke ji ba. Da ita nake karanta Imam yanzu.