Allon ƙofa ya ce Montessori, aji kuwa hadda ake yi

Wanda duk yake lura da allunan makarantun kuɗi a Kano, Kaduna ko Abuja ya san sunan da ke tashe a 'yan shekarun nan. Gida ne mai ɗaki huɗu aka mayar makaranta, an shafa wa katangarsa fenti ja da ɗorawa, an zana tuffa da jirgin sama, sannan aka rubuta Montessori da manyan baƙaƙe. Da zarar sunan ya hau allo, kuɗin zango ma sai ya hau. Ka leƙa ta taga kuwa, abin da ka sani ne: yara 'yan shekara uku an jera su a benci, Anti na tsaye riƙe da tsumagiya tana nuna allo, su kuma suna maimaitawa da iya ƙarfinsu har maƙwabta na ji.

Matar da ake cin kasuwa da sunanta ba haka ta tsara ba. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, tana cikin matan farko da suka yi karatun likita a ƙasarta. A watan Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori waɗanda iyayensu ke fita aiki su bar su suna gararamba. A tuna da wannan: tsarin da yau ake ɗauka na 'ya'yan masu hali ne, kan 'ya'yan talakawa aka fara gwada shi.

A ajin Montessori na gaskiya ana haɗa 'yan shekara uku da 'yan huɗu da 'yan biyar zuwa shida wuri guda. Kayan aiki na jere a kan kantoci daidai tsayin yaro. Yaro ya zaɓi abin da zai yi, ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya zauna a kai, kuma akan bar masa kusan awa uku ba a katse shi da ƙararrawa ba. Wani na tsiyaya ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi, in ya zubar ya ɗauko tsumma ya goge da kansa. Wata na bin siffar harafi da yatsa a kan takarda mai kaushi tana furta sautinsa. Wani na jera duwatsun ƙirga, ɗaya, goma, ɗari, dubu, yana jin bambancin nauyinsu a tafin hannu kafin ya taɓa rubuta lamba. Malama takan zauna gefen yaro ɗaya ko biyu, ta nuna yadda ake yi a hankali, ta tashi ta koma gefe tana lura. Babu maki, babu wanda ya zo na ɗaya.

To me ya sa kowa ke iya rubuta sunan? Don ba shi da mai shi. Tun 1967 hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa sunan ya zama na kowa. Akwai ƙungiyoyin da ke horar da malamai su ba su shaida, kamar AMI da ita Montessori ta kafa a 1929, amma ba su da ikon hana mai makaranta a Hotoro ko Barnawa kiran mai fenti.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Angeline Lillard da Nicole Else-Quest, wanda mujallar Science ta buga a 2006. Sun je wata makarantar Montessori ta gwamnati a Milwaukee inda masu neman gurbi suka fi kujeru yawa, don haka ƙuri'a ake jefawa. Wannan ya ba su damar kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba, tunda iyayen duka ɓangarorin biyu abu ɗaya suka nema. 'Yan shekara biyar na Montessori sun fi takwarorinsu gane baƙaƙe da lissafi da zama da mutane. A wajen 'yan shekara goma sha biyu kuwa, insha'insu ya fi armashi, amma a gwajin karatu da lissafi ba a ga wani bambanci ba. Yaran duka 112 ne, kuma makaranta ɗaya ce. A wani binciken da aka buga a 2017, Lillard ta sake irin wannan a Hartford, ta bi yara 141 tsawon shekara uku, ta ga 'ya'yan talakawa da ke Montessori suna rage tazarar da ke tsakaninsu da 'ya'yan masu hali.

Sai dai ba ko'ina aka ga haka ba. A Faransa, wani bincike da aka buga a 2021 kan wata makarantar gwamnati a yankin talakawa na Lyon ya samu yaran sun fi iya karatu, amma a lissafi da sauran fannoni kunnen doki aka yi. Da wasu masana suka tattara bincike 32 a 2023, hukuncinsu shi ne akwai amfani, matsakaici. Amfani matsakaici ba abin rainawa ba ne a harkar ilimi, amma bai kai abin da ake rubuta wa iyaye a takardar talla ba.

Binciken da ni na fi ganin ya shafe mu shi ne wanda Lillard ta buga a 2012. Ta kwatanta azuzuwan da ke bin tsarin yadda yake da waɗanda suka gauraya shi da wasu kayan wasa da takardun cikewa. Yaran azuzuwan farko su suka yi zarra. Na gauraye kuwa, a mafi yawan gwaje-gwajen ba su fi 'yan makarantar da aka saba ba. Idan wanda ya sayi kayan aikin, ya horar da malama, ya ɗan gauraya kawai, ya rasa yawancin ribar, ina ga wanda fenti kawai ya saya?

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, waɗanda suka ji an ce a bi yaro sai suka ɗauka a sake shi ne ya yi ta wasa har ilimi ya faɗo masa. Magana yaro kan tsince ta a gida ba da darasi ba, amma karatu sai an koyar. Sai wani ya zauna ya nuna masa cewa wannan alama ga sautinta, in aka haɗa ta da waccan ga abin da za a furta. Masana irin su Kirschner da Sweller da Clark sun yi dogon bayani a 2006 cewa mai koyo sabon shiga ya fi amfana da jagora bayyananne a kan a bar shi ya lalubo da kansa. Ajin Montessori ma cike yake da ƙa'ida: kowane kayan aiki da yadda ake gabatar da shi, da wanda ke gaba da wanda ke biye. 'Yancin yaron a cikin shinge yake, kuma malamar ce ta kafa shingen. Shi ya sa horar da ita ke ɗaukar watanni, ba taron bita na ranar Asabar ba.

Yanzu mu matso kusa da gida. A 2015 zuwa 2016, Sharon Wolf da abokan aikinta sun yi gwaji a makarantun nazare 240 a yankin Accra na Ghana, na gwamnati da na kuɗi. An horar da malaman wasu makarantun kan koyarwa ta hanyar wasa da aiki da hannu, da ladabtarwa ba duka, ana kuma bibiyar su a aji. Koyarwa ta gyaru, yara sun ƙaru, gajiyar malamai ta ragu. A wani rukunin kuma aka ƙara da tara iyaye ana nuna musu bidiyo kan amfanin wannan salo, da zaton za su ƙara wa abin ƙarfi. Sai aka samu akasi: inda aka sa iyaye, ribar da yaran suka samu ta zube.

Wannan bai ba ni mamaki ba, don na san mu. Uba ya biya kuɗin zango da guminsa, yana so ya ga shaida. Shaidar kuwa ita ce littafi cike da rubutu, jaka mai nauyi, aikin gida kullum, da yarinya 'yar shekara uku da za a kira gaban baƙi ta ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Ranar da ta dawo ta ce yau ruwa suka tsiyaya, gobe uwar na ofishin mai makaranta: «Malam, wasa muka kawo ta yi? 'Yar maƙwabciyata har jimla take rubutawa.» Mai makaranta ɗan kasuwa ne, ga haya ga albashi. Sai ya bar sunan a allo don yana jawo ciniki, ya dawo da hadda cikin aji don ita ke riƙe cinikin. Aikin gidan ma kowa ya san yayar yarinyar ce ke riƙe mata hannu da daddare, malama ta sa jan biro ta ba da maki goma, kowa ya yi farin ciki. A ƙarshen shekara a ɗinka wa 'yan nazare rigar digiri, a karɓi kuɗin biki.

Masu ganin cewa gara a fara matsa wa yaro da wuri su dubi abin da ya faru a jihar Tennessee ta Amurka. An bi yara kusan 3,000, wasu sun sami gurbin ajin share fage na gwamnati, wasu ba su samu ba. Da farko waɗanda suka shiga sun yi gaba. Zuwa aji shida kuwa, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna su ne a baya a jarrabawa, kuma su aka fi hukuntawa kan rashin ɗa'a. Dale Farran, ɗaya daga cikin masu binciken, ta ɗora laifin a kan yawan zaunar da ƙananan yara ana yi musu darasi irin na manya.

Akwai abin da babu kayan katako daga waje da zai maye gurbinsa, wato harshe. Ba a cewa an sa yaro a gaba alhali ana cin sa tara in ya yi Hausa a aji. Yaron da ya shigo nazare ya zo da dubban kalmomi, da tatsuniya, da tambayoyi ba iyaka, sai a rufe masa baki a ce ya fara daga sifiri. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da harshen uwa a Ife tun 1970, inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A Arewa ma an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, duka kan koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko. Rubutun Hausa galibi yadda ake furtawa haka ake rubutawa, don haka ya fi Turanci saurin shiga kan mai koyon haɗa baƙi.

Barin kowane yaro ya tafi daidai ƙarfinsa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa yaro sai ya iya, babba na biya wa ƙarami. A cire bulala, a ƙara fahimta a kan hadda, an kama hanya. Ga makarantun gwamnati masu yara ɗari a aji kuwa, inda maganar kantoci da duwatsun ƙirga mafarki ce, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da dabara mai araha: a gwada yara, a raba su rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a koyar da kowane rukuni daga inda yake. An gwada ta sau da dama a Indiya ta yi aiki, an kuma kawo ta wasu makarantun jihar Kano.

Don haka, iyaye, kafin ku biya kuɗin zango mai zuwa, ku nemi a bar ku ku zauna a bayan aji na awa guda. Ku duba ko hannun yaran na kan wani aiki ko a naɗe yake, ku ji wa ya fi magana, ku tambayi malamar inda aka horar da ita da tsawon lokacin da ta yi. Makarantar da ta hana ku shiga ta riga ta ba ku amsa. Idan kuma kuka dace da malamar da ke barin 'yarku ta tsiyaya ruwa ta goge da kanta, don Allah kada ku je ofis ku kai ƙararta.