Kiɗan Fada da Kunnen Mai Karatu: Ganɗoki a Potiskum

Wannan maƙala za ta dubi yadda makaranta ke karɓar Ganɗoki, ƙagaggen labarin da Muhammadu Bello Kagara ya shigar a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi a 1934. An gina littafin ne bisa yaƙin zuwan Turawa, musamman faɗuwar Kwantagora ta Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse a 1901. Manazarta sun fi mayar da hankali ga rabuwar labarin gida biyu, wato tarihi a farko, sannan aljannu da ƙasashen nesa daga baya. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne sautin littafin.

Kirarin da tauraron ke yi wa kansa ba a shirya shi domin ido ba. Asalinsa fagen daga ne da ƙofar fada, inda tambari da kakaki da algaita ke amsa wa maroƙi. Takarda kuwa ba ta busa. Saboda haka mai karatu ne ke kawo kiɗan daga cikin kansa, kuma gwargwadon abin da kunnensa ya taɓa ji, gwargwadon abin da zai samu. Wanda ya tashi yana jin kakaki ranar hawan salla, jikinsa kan tsuma. Ɗan makarantar da ya gamu da kirarin domin jarrabawa kawai, sai ya ɗauke shi cika baki mai tsayar da labari, ya tsallake.

A Potiskum al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Garin na Ngizim ne da Karekare da Bolewa, Hausa kuwa harshen kasuwa da cuɗanya ce. Kiɗan sarauta ba baƙo ba ne a nan, domin tun 1924 fadar Fika ta dawo garin. Haka nan Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, ba ta da nisa da ƙasar Fika. Kunne dai ya san sautin. Amma tambarin wa ake kaɗawa? Nagwamatse ya yi suna wajen kai hari da kamun bayi cikin Gwari da Kambari. Mai karatun da kakanninsa suka san zaman ɗar-ɗar na tsoron mahara, ko da wasu maharan ne daban, yana iya jin daɗin kalmomin kirarin alhali zuciyarsa na tare da waɗanda aka kora.

Marubucin bai ba waɗannan mutane murya ba, kuma wannan rauni ne na gaske, wanda ya fi shigowar aljannu nauyi. Ko yabon zaman lafiyar mulkin Turawa da ya zo a ƙarshe, wanda ke ɓata wa wasu makaranta rai, daga bakin mayaƙin ya fito, ba daga bakin wanda aka kama ba.