Akwati uku da dala miliyan 900: abin da kwas ɗin tsara fuskar manhaja ba ya koyarwa

A ranar 11 ga Agusta, 2020, bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan kuɗin ruwa kimanin dala miliyan 7.8 ga waɗanda ke bin kamfanin kayan kwalliya na Revlon bashi. Sai ga kusan dala miliyan 900 sun fice daga aljihun bankin. Ba ɓarawo ya shiga ba, ba kuma na'ura ce ta lalace ba. Mutum uku suka duba allon kwamfuta ɗaya, kowannensu ya gamsu cewa komai daidai yake.

Manhajar da suka yi aikin da ita sunanta Flexcube, ta kamfanin Oracle. Irin wannan biya, hanyar yinsa a cikinta baibai take: sai ma'aikaci ya shigar da bayani kamar zai biya bashin gaba ɗaya, sannan ya karkatar da uwar kuɗin zuwa wani asusun cikin gida don kada ta fita. Kafin karkatarwar ta yi aiki, dole ya cike akwati uku masu ɗauke da sunayen PRINCIPAL da FRONT da FUND. Ma'aikacin ya cike na farko kaɗai. Kai ma da za ka yi, don kuwa ma'anar kalmar ita ce uwar kuɗi, sauran biyun kuma ba abin da sunansu ke faɗa wa mai kallo. Na biyu ya duba ya amince, na uku ma haka.

Wurin da ya fi ba ni takaici shi ne gargaɗin. Kafin kuɗin su tafi, manhajar ta fito da saƙo cewa kuɗi za su fita daga banki, ana so a ci gaba? To ai dama ana so wasu kuɗi su fita, wato kuɗin ruwan. Saƙon bai ambaci adadi ba. Da ya nuna dala miliyan 900 ɓaro-ɓaro, da wuya hannu ya kai ga danna "eh". Sai washegari aka farga. Wasu masu bin bashin sun mayar, wasu suka riƙe kimanin dala miliyan 500, kuma a Fabrairun 2021 alƙali Jesse Furman ya ce suna da haƙƙin riƙewa. Sai a Satumbar 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Wannan layi guda da bai faɗi adadi ba, aikin mai tsara fuskar manhaja ne. Shi ke yanke abin da za ka gani a allo, da sunan da kowane madanni zai ɗauka, da abin da zai zo kafin wani, da kuma abin da manhaja za ta ce maka idan ka kusa tafka kuskure. Shi ya sa nake da ja da yadda ake tallar sana'ar yanzu. Duba irin sanarwar kwasa-kwasan da ke yawo a intanet: makonni kaɗan, ka iya Figma, ka zana allo biyar masu sheƙi na wata manhajar sayar da abinci da ba ta wanzu ba, shi ke nan ka zama gwani. Ɗalibi ya fita da tarin hotuna masu kyau, amma bai taɓa zama gefen wani yana kallon yadda yake fama da abin da ya zana ba.

Kada a ce na raina kayan aiki. Iya Figma wajibi ne, kamar yadda tela ba ya rabuwa da keke. Launi da girman rubutu ma ba ado ba ne kawai: ƙa'idar WCAG ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 don mai raunin gani ya iya karantawa, kuma maza da dama ba sa rarrabe ja da kore, saboda haka wanda ya dogara da launi kaɗai wajen nuna haɗari ya bar su a baya. Matsalar ita ce waɗannan su ne ɓangaren da ya fi sauƙin koyarwa da sauƙin nunawa, sai suka cinye manhajar karatun.

Asalin fannin kuwa daga nazarin halayyar ɗan Adam ya fito. Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga wani abu ya danganta da nisansa da girmansa, kuma da wannan ake auna girman madanni har gobe. Don Norman, wanda ya yi littafin The Design of Everyday Things, masanin tunanin ɗan Adam ne, yana kuma cikin waɗanda suka yi nazarin hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na 1979. A can, wata fitila a ɗakin sarrafawa ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Bawul ɗin a buɗe yake, ruwan sanyaya injin yana ta zuba. Cutar ɗaya ce da ta Citibank: allo ya faɗi gaskiya rabi, mutum ya cike sauran da zato. Cikin ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya fitar a 1994 akwai hana kuskure tun kafin ya faru, da nuna wa mutum halin da manhaja take ciki. Gargaɗin Flexcube ya faɗi duka biyun.

Gwaji da mutane na gaske kuma ba shi da tsadar da ake zato. Nielsen ɗin nan ya yi lissafin cewa gwaji da mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Masu bincike sun yi ta muhawara a kan adadin, musamman idan masu amfani da manhajar iri-iri ne, amma ko biyar ɗin da aka raina sun fi sifili nesa ba kusa ba. Kwas ɗin da ba ya tilasta wa ɗalibi ya miƙa wa baƙo waya, ya rufe bakinsa, ya rubuta inda baƙon ya tsaya yana sosa kai, to zane yake koyarwa.

Za a iya cewa laifin ba na mai tsarawa kaɗai ba ne, kuma haka ne. Akwai littafin umarni da ya ce a cike akwati ukun, akwai kuma sakacin bankin kansa. A Oktoban 2020 hukumomin Amurka sun ci Citibank tarar dala miliyan 400 saboda raunin tsarinsa na kula da haɗari. Sai dai a duba: an jera mutum uku don su kama kuskure, amma duk ukun allo ɗaya suke karantawa, shi ya sa suka ruɗe tare. Mai tsarawa da ya san aikinsa zai tambaya tun farko me ya sa biyan kuɗin ruwa sai an bi ta ƙofar biyan bashi duka. Yin wannan tambaya na buƙatar sanin yadda aikin banki yake, da ƙarfin halin yin gardama da injiniya da manaja, da iya rubuta jimla ɗaya da ba ta da harshen damo.

Ga wanda zai yi wannan aiki a Kano ko Maraɗi, nauyin ma ya ƙaru. Mutane da yawa suna tura kuɗi ne ta lambobin USSD a ƙaramar waya, inda babu launi babu hoto, sai jerin kalmomi da lambobi, kuma idan ka yi jinkirin karatu layin ya yanke. A nan gwanintar Figma ba ta da wurin tsayawa. Abin da ya rage shi ne tsarin matakai, da zaɓen kalma, da tabbatar da cewa allon ƙarshe ya nuna sunan mai karɓa da adadin kuɗi kafin a sa lambar sirri. Idan kuma da Hausa za a rubuta, sai a gwada ko nau'in rubutun da aka zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ, don "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne a kan madanni.