Albashin uba, kafaɗar ɗa

Bara da kaka, ana cikin ɗaurin gero, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan kawuna, a wani ƙauye tsakanin Tanut da Balbeji. Mutum biyu suka fito: daraktan wata lakwal ta kuɗi a Damagaram, da mushensu na wasanni. Kowa a garin ya san abin da ya kawo su. Kawu yana da yaro ɗan shekara 16 wanda kaka biyu ke nan babu sa'ansa da ya kai shi ƙasa a dandali. Amma da suka zauna kan tabarma ba su fara da zancen yaro ba. Ni na dafa musu shayi, don haka da kunnena na ji.

"Malam, mun ji labarinka tun lokacin da kake shiga fili," in ji daraktan. "Muna neman wanda zai riƙe mana yara a kokowa. Jika 40 duk wata, da ɗakin kwana. Shi kuma yaron sai ya biyo ka ya yi karatunsa kyauta, ai ba a raba ɗa da uba."

Kawu ya ce, "To madalla, mushe. Bari in yi shawara da gida." Shawarar ba ta kai la'asar ba.

Na yi murna ran nan, ba zan ɓoye ba. Wanda ya san Damargu ya san abin da jika 40 take nufi ga magidanci da rani. Ana ce mana rumbun gero, amma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri rabin mazan gari suna kan hanyar Agadas ko Kano cin rani. Mutum ya samu albashi, ɗansa ya samu lakwal, wa zai ce uffan? Yanzu kuwa na canza ra'ayi, kuma dalilin canzawar nake so in shimfiɗa a nan, don na ji wasu ƴan uwa ɗalibai suna cewa wannan ai alheri ne tsantsa.

Dabarar ba daraktan ne ya ƙirƙiro ta ba. A Amurka, inda jami'o'i ke samun maƙudan kuɗi daga ƙwallon kwando, ta tsufa. A 1983 Larry Brown, mai horar da ƴan wasan jami'ar Kansas, ya ɗauki Ed Manning mataimakinsa. Ed tsohon ɗan wasa ne, amma a lokacin tuƙin babbar mota yake yi. Ɗansa Danny kuwa yana cikin yaran da kowace jami'a ke zawarci. Iyalin suka tashi daga Karolina ta Arewa suka koma Kansas, Danny ya shiga jami'ar, a 1988 ya ciyo mata kofin ƙasa. A 2005 jami'ar ta sake: ta ba Ronnie Chalmers aikin ofis a ƙungiyar, shekarar da ɗansa Mario ya shigo. A 2008 suka ɗauki kofi, Mario ya tafi NBA, uban ya ajiye aiki a wannan shekarar. Abin ya yi yawa har hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta kafa doka a 2010: ba a ba makusancin yaro aikin da ba na horarwa ba shekara biyu kafin shigowarsa ko shekara biyu bayanta. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe, domin in cikakken mataimakin koci aka naɗa shi, ba laifi. Ta wannan ƙofar aka ci gaba da shiga.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Michael Porter. A 2016 jami'ar Washington ta ɗauki uban mataimakin koci, ɗan ya yi alkawarin zuwa can. A Maris 2017 aka kori babban kocin. Nan da nan jami'ar Missouri ta ba uban aiki, ɗan ya warware alkawari ya bi shi. Ku duba da kyau: yaron da ake cewa shi ya zaɓi makaranta, duk inda albashin ubansa ya juya nan yake juyawa. A wasansa na farko ya yi minti biyu ya fita da ciwon baya, aka yi masa aiki, wasa uku kacal ya buga wa jami'ar.

Masu kare abin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce uban ne ya yi yaron. A wajenmu ma wannan ya fi gaskiya, don kokowa gado ce. Kawu ne ya koya wa yaron tsayuwa, da kamun ƙafa, da yadda ake karanta numfashin abokin karawa. Shekara goma yana wannan aikin bayan ya dawo daga gona, babu wanda ya ba shi ko dala. Ran da lakwal za ta ci amfanin yaron, sunanta ya fita a rediyo, iyaye su yi ta kawo ƴaƴansu da kuɗinsu, don me wanda ya shuka zai tashi hannu wofi? Kuma kawu ba jahilin sana'ar ba ne. In aka tara mushen wasanni biyar, ban ga wanda zai fi shi sanin fili ba. Wasu kuma suna kukan cewa an danne wanda ya yi karatun aikin yana yawo da takardarsa. Wannan ma gaskiya ne, amma ba shi ya fi damuna ba.

Abin da ya dame ni shi ne kujerar da aka bari babu kowa. Yaro ɗan shekara 16 da ya shiga hannun makaranta yana buƙatar mutum ɗaya wanda ba ya cin komai a wajen makarantar. Mutumin da zai zo ya ce yaron nan ba zai shiga fili yau ba, ko ya ce na ga sakamakonsa na lissafi, a rage masa horo, ko ma ya ce na ɗauke ɗana. Wannan shi ne aikin uba, kuma shi ne ainihin abin da aka saya da jika 40. Horarwar ƙari ce kawai. A zancen aure kowa ya san abin da ake cewa game da waliyyin da mai nema ya riga ya cika wa aljihu. Ban ga bambanci ba.

A watan Fabrairu kafaɗar yaron ta goce wajen horo. Aka kai shi wurin mai ɗori, ya mayar da ita, ya ce a bar shi ya huta wata ɗaya da rabi. Saura kwana 20 gasar makarantu. Na je duba shi, na tarar da kawu zaune bakin ƙofa yana jan carbi.

Na ce, "Kawu, ba dai za ku bar shi ya shiga ba?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ɗana, wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski."

Ba wanda ya tilasta masa, in faɗi gaskiya. Daraktan bai yi barazana ba, gaisuwa kawai yake zuwa yi kullum da safe yana tambayar ya jikin zakaranmu. Gaisuwar ta isa. Shi ma yaron da kansa ya ce zai shiga, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ya iya lissafi: ya san buhun geron da aka aika gida daga ina ya fito, ya san kuɗin maganin innarsa daga ina ya fito. Yaron da ya kamata a ce ubansa ke ɗauke da shi, shi ke ɗauke da aikin ubansa a kafaɗa, kafaɗar ma wadda ta goce. Ko a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda kowace jiha ke kawo ƴan kokowa goma, manya ne masu iyali ke yanke wa kansu shawarar shiga da ciwo. Wannan ko birbe bai yi ba.

Wani abokina ya ce to me kake so, a hana talaka aiki don ɗansa yana da baiwa? A'a. Tambaya ɗaya nake so a yi wa duk makarantar da ta zo da irin wannan tayi: in yaron ya karye gobe, ko ya ce shi karatu zai yi ya bar fili, uban zai ci gaba da karɓar albashinsa? In eh ne, a rubuta a takarda, shekara kaza, a sa hannu gaban shaidu, kuma karatun yaron kyauta ya tsaya ko ya yi kokowa ko bai yi ba. Sannan in likita ko mai ɗori ya ce a huta, maganarsa ce ta ƙarshe. Makarantar da ta ƙi rubuta wannan ta faɗi da kanta wanda ta ɗauka aiki. Kawu dai ko guntun takarda ba a ba shi ba. Da baki aka yi, kan tabarma, da shayin da na dafa.

Yaron ya shiga gasar. Ya kada mutum biyu, a karo na uku kafaɗar ta sake fita, aka ɗauke shi daga fili yana cije leɓe don kada ya yi kuka gaban ubansa. Yanzu hannun ba ya ɗaguwa sama da kunne. Har aka tashi hutu ana biyan kawu, ban ce an cuce shi ko dala ba. Da damina ya koma gona. An koma lakwal tun farkon Oktoba, yau sati uku, wayarsa tana rataye a jikin darni inda ake samun rezo, daraktan bai kira ba tukuna.